Darasi na Huɗu: Me Ya Kai Ka Kasuwa?

Duk ajin yaƙi da jahilci da na taɓa koyarwa, idan muka iso wannan darasi da tambaya nake buɗe shi: wa ke da sana'a a cikinku, ko yake da niyyar kama wata? Hannaye kan tashi kusan duka. Sai in ƙara ta biyu: me ya sa? A nan ɗakin kan yi tsit na ɗan lokaci, kafin wani dattijo ko wata uwa ta ce, "Malam, ai don rufin asiri ne." Kowa ya gyaɗa kai.

Amsar gaskiya ce, ban taɓa raina ta ba. Sai dai rufin asiri faifai ne mai rufe ƙwarya iri-iri. Wanda aka sallama daga aiki jiya, da matar da ta gaji da roƙon kuɗin sabulu, da saurayin da ya ga abokinsa ya sayi babur, da wanda ya lura babu mai niƙa a unguwarsu, kowannensu zai ce maka rufin asiri yake nema, alhali abin da ya fito da su daban-daban ne. Abin da ya fito da mutum kuwa, shi zai gaya masa sana'ar da ta dace da shi, da yawan jarin da zai zuba, da ko ya ci bashi ko kada ya ci. A wannan darasi za mu ɗaga faifan, kowa ya leƙa tasa ƙwaryar. Akwai ɗan lissafi a gaba, ku ajiye fensir a kusa.

Wanda aka koro

Yawancinmu koro mu aka yi muka faɗo kasuwa. Wanda ya san Kakuri a Kaduna ya san labarin. Can masaƙu suke: KTL da aka buɗe a 1957, da Arewa, da UNTL da sauransu, dubban magidanta suna shiga suna fita dare da rana. Da masaƙun suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya, KTL a farkon shekarun 2000, UNTL a 2007, mutumin da ya shekara ashirin a gaban injin saƙa ya wayi gari yana shawara da zuciyarsa: teburin shayi zai kafa, ko babur zai nema? A Kano ma an ga irin haka a Sharaɗa da Bompai da Chalawa. Waɗanda suka kama acaɓa kuma, a watan Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur, aka sake wata korar. Wasu suka koma A Daidaita Sahu, wasu tireda, wasu gona.

Ta baya-bayan nan kuwa babu wanda bai ɗanɗana ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, komai ya bi bayanta. A 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma kafin shekarar ta ƙare buhun shinkafa mai kilo 50 ya haura wannan kuɗin a kasuwanni da dama. Shi ya sa za ka ga malamin firamare ya tashi daga makaranta ya zarce rumfar cajin waya, ma'aikaciyar asibiti tana ɗauke da atamfa da turaren wuta a jaka tana nuna wa abokan aiki.

Wanda larura ta koro kada ya sunkuyar da kai. Sahabi Abdurrahman ɗan Aufu ya isa Madina hannu rabbana, ya baro dukiyarsa a Makka. Ɗan'uwan da aka haɗa shi da shi, Sa'adu ɗan Rabi'u, ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Ya yi godiya, ya sa masa albarka, ya nemi kawai a nuna masa hanyar kasuwa. Da cuku da man shanu ya fara, ya kuma zama ɗaya daga cikin manyan attajiran sahabbai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fifita mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar a kan ya tsaya roƙon mutane.

Amma dole in gaya muku inda haɗarin yake, domin na ga ya ci mutane da yawa da na sani. Sana'ar da yunwa ta haifa, yunwar ce kan dawo ta cinye ta. Mu lissafa tare. Farashin da zan sa na koyo ne, ku musanya shi da na unguwarku.

Wata mai awara tana sayen waken suya da mai da itace da yaji da leda na naira 8,000 kullum. Idan ta sayar duka, tana tashi da 10,500. Ribarta ke nan 2,500. To, gidan yana bukatar 3,000 na cefane, babu kuma wata hanyar shigowar kuɗi. Ta ɗauki 3,000. Abin da ya rage na sarin gobe 7,500 ne. Ɗari biyar ta tafi, ba ta ma ji tafiyarta ba. Ku raba 8,000 gida-gida na 500, za ku samu 16. Wato cikin kwana 16 jarin ya ƙare, kuma a zahiri ba zai kai haka ba, domin kullum awarar raguwa take yi, ribar ma tana bin ta. Ranar da ta kife kaskon za ta ce kasuwa ce ta ƙi. Masu sayen kuwa suna nan, har wasu na aiko yara suna tambaya ko yau ba a yi ba.

Ba banza Bahaushe ya kira jari uwar kuɗi ba. Uwa ita ke haihuwa. Wanda ya yanka akuya don miyar yau ya haƙura da 'ya'yanta. Saboda haka wanda aka koro ya nemi gwangwani biyu tun ranar farko, ɗaya na uwa, ɗaya na riba. Da an tashi kasuwa a fara cika na uwa, a rufe, abin da ya saura shi ne na ci. Na san za ku ce, idan ribar ba ta kai cefane ba fa? Tambaya ce mai nauyi, ba kuma zan yi muku daɗin baki ba. Ranar nan sai an rage tukunya, ko a haɗa da aikin da ba ya cin jari, kamar wankau ko kitso ko dako ko ƙwadago a gona, har uwar ta yi ƙwari. Kuma wanda yake wannan hali ya kama abin da ake sarowa da safe a sayar kafin dare: abinci, kayan miya, ruwa, gawayi. Ya nisanci kayan da kan yi wata a rataye suna jiran mai saye. Ya nisanci bashin nan da ake bayarwa ta waya mai ruwa kamar me, wanda idan ka makara da biya sai a riƙa aika wa 'yan'uwanka da surukanka saƙon tozarci. Wanda ya fito neman rufin asiri ba ya kai kansa inda ake tona shi.

Kuɗin hannun mace

Goggona mai ƙuli-ƙuli ce. Ina yaro nakan zauna ina kallonta tun daga suyar gyaɗa, ta murje, ta sheƙe, a kai niƙa a dawo. Sai ta juye a turmi, tana ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa da taɓarya, zufa na tsiyaya a goshinta, har man ya fara tasowa yana ƙyalli, tunkuzar ta haɗe wuri guda. Ta matse, ta mulmula, ta soya da man da ya fito daga jikinsa. Mijinta manomi ne mai rumbu, ba su taɓa kwana da yunwa ba. Da na yi wayo na tambaye ta, "Goggo, ke da ba ki rasa ci ba, me ya sa kike wannan wahala?" Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ciyarwa tasa ce. Amma ranar da aka haihu a gidanmu, da hannun wa zan shiga?"

Wannan dalili ne mai zaman kansa, kuma maza da yawa ba su gane shi ba. Mace tana da hidimomin da ba sa cikin cefane: biki da suna, gudummawar ƙawa da za a rama, zubin adashi, kayan ɗakin 'ya da ake tarawa tun tana ƙarama, ɗan abin da za ta riƙa wa mahaifiyarta idan ta je gaishe ta, maganin yaro da tsakar dare maigida ba ya gari. Tana so ta yi waɗannan ba tare da ta tsaya bakin ƙofa tana murza hannu ba. Shari'a ma ta tabbatar mata cewa abin da ta nema nata ne. Nana Khadija 'yar kasuwa ce mai tura dukiya fatauci har Sham. A ƙasarmu kuwa abin ya daɗe: wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta lura cewa babban kaso na cinikin garin a cikin gidaje ake yin sa, a hannun mata, yara ne 'yan aike. Fura, daddawa, man gyaɗa, tuwon sayarwa, har hatsi a mudu, duk ta bayan katanga.

Mai wannan dalili tana da sa'ar da wanda aka koro ba shi da ita: tukunyar gidan ba a kan jarinta take ba, don haka uwar kuɗinta na iya girma. Abin da ke karya ta shi ne kunya. Maƙwabciya ta aiko a ba ta man gyaɗa kwalba ɗaya zuwa jibi, ƙanwar miji ta ɗauki turmin atamfa sai ƙarshen wata, maigida ya ce ranta mini dubu biyu. Babu wanda aka rubuta, babu wanda za a iya tambaya. Ga amfanin rubutun da kuke koyo. Littafi ɗan naira kaɗan, suna, kaya, kuɗi, kwanan wata. Wanda ya ga an rubuta sunansa yakan tuna.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, ko da za ta sosa ran wasu. Idan na tambayi iyaye mata don wa suke sana'a, amsar da na fi ji ita ce, don yaran nan. To, idan don su ne, sana'ar da ta cire yarinya daga aji ta ɗora mata faranti tun safe har bayan isha a tasha ta ci amanar dalilin da aka kafa ta dominsa. Na san kafa ce ake nema, tunda uwar ba ta fita. Amma hanyoyi sun ƙaru. Akwai masu kai wa mai kanti ko mai shayi sari ya sayar ya cire la'adarsa. Akwai masu ɗaukar hoton kaya su sa a WhatsApp, mai so ya aiko. Akwai masu tsayar da talla sai bayan an tashi makaranta, a cikin unguwa, kafin magariba. Ribar za ta iya raguwa da farko. Ku auna ta da abin da yarinyar za ta rasa, wanda ku da kanku kuka dawo nema yanzu da girmanku.

Gado, da son zama da gindinka

Wasu ba su zaɓi sana'a ba, a cikinta suka buɗe ido. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa take ci, marinar Ƙofar Mata kuma shekarar 1498 aka rubuta a ƙofarta. Ɗan maƙeri, ɗan mahauci, ɗan dukawa, kowa ya tashi da abin da kuɗi ba sa saye: sanin kaya, da sanin mutane, da sunan gida da za a ba shi kaya a kansa ba tare da ya ajiye ko sisi ba. Haka yaron shago a Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau, wanda ya yi shekaru yana buɗe shago yana share shi, yana rakiyar baƙi, har ubangidansa ya sallame shi da jari ko ya tsaya masa a ba shi kaya. Wannan shi ne mafi ƙarfin tushe da na sani. Abin da mai gado zai tambayi kansa ɗaya ne: masu sayen da suka ciyar da kakana, jikokinsu suna saye? Inda kayan roba da yadin ƙasar Sin suka cika kasuwa, hannun gado sai ya koyi sabon yayi.

Wasu kuma cewa suke sun gaji da "yi kaza, bari kaza", suna so su zauna da gindinsu. Buri ne mai kyau. Su dai sani mai shago yana da iyayen gida fiye da ma'aikaci, domin duk wanda ya tsaya gaban teburinsa da naira ɗari ubangidansa ne na wannan lokacin. Ba hutun ƙarshen mako, ba albashin da zai zo ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

A bi Yarima a sha kiɗa

Wannan shi ne dalilin da ya fi kowanne cin jarin bayin Allah, kuma ba wanda ke yarda cewa shi ne nasa.

Ku tuna farkon 2023, lokacin canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Tsabar kuɗi ta ɓace, mutane suna kwana a layin banki, mai POS da ke da kuɗi a hannu ya zama sarki. Duk wanda ya ga haka ya ce ga sana'a. Da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris aka ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, wahalar ta lafa, sai ga lema da teburi duk taku kaɗan, mutum huɗu suna rabon masu cirar kuɗin da dā mutum ɗaya ke yi wa aiki. Na farkon ya ga bukata. Na huɗun na farkon kawai ya gani.

Wani maƙwabcina dattijo ya yi ritaya bayan shekara 35 yana aiki. Da giratutinsa ya fito, ya kira ni ya nuna mini kangon bayan gidansa, an kafa rumfar kwano, 'yan tsaki 500 suna ta tsuwa a kan ɓuntun shinkafa. Fuskarsa cike da murna. Na ce, "Baba, Allah ya sa albarka. Wa ya koya maka kiwon?" Ya ce ɗan abokinsa ne yake yi, har ya sayi mota. Na ce, "Idan sun isa, wa zai saya?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, nama ne fa. Wa ke ƙin kaza?"

Bai san ranakun rigakafi ba, ya rasa wasu tun makon farko. Zafin bazara ya shigo, kwanon rumfar ya yi ƙasa da yawa, wasu suka bi. Waɗanda suka rayu suka isa yanka a mako na bakwai, ba Sallah ba biki, ba kuma wani mai gidan abinci ko mai gashi da aka yi magana da shi. Kazar gidan gona kuwa idan ta isa ba ta daina ci, kullum buhun abinci na tafiya. Dillalai suka gane a matse yake, suka taya yadda suka ga dama, ya sallama. Ranar da aka kwashe na ƙarshe na same shi zaune a kan buhun da ba komai a ciki, ya ce mini, "Motar yaron nan na gani, ban ga shekarun da ya yi yana kwana cikin kaji ba." Har yau idan na tuna sai zuciyata ta yi nauyi, domin gumin shekara 35 ne. Da ya fara da 'yan tsaki 30, da ilmin da ya saya da tsada ya same shi da araha.

Ƙanin wannan dalili shi ne kama sana'a don an ji ana rabo. Tallafi abu ne mai kyau ga wanda dama yana da abin yi. Naira 10,000 ta TraderMoni da aka fara bayarwa a 2018 ta ƙara wa mai tumatur kwando. Amma na ga keken ɗinki da injin markaɗe an karɓe su a wurin taro, kafin la'asar suna hannun dillali a rabin kuɗinsu, saboda wanda aka bai wa bai taɓa sha'awar ɗinki ko niƙa ba.

Wanda kasuwa ta kira

Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, da fataucin goro ya fara, tsakanin ƙasar Gwanja da ƙasar Hausa. Lokacin da sauran fatake ke bin doguwar hanyar ƙasa da jakuna wata da watanni, yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka buɗe baki suna neman gyaɗa, shi kuma ya san ƙauyuka, ya san manoma, yana da yaran da zai tura. Gyaɗa dama ana nomanta, jirgin ma kowa ya gan shi. Abin da ya gani shi ne tazarar da ke tsakanin mai gyaɗa da mai nemanta, ya tsaya a wurin. Dalar gyaɗar Kano da kuke gani a tsofaffin hotuna da hannunsa a ciki.

Kada girman sunan ya sa ku ɗauka abin na manya ne. Da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, shinkafar waje ta yi wuya, masu turara shinkafa da masu casa a Kura da kewayenta suka samu kasuwar da ba su saba gani ba. A ƙofar wani asibiti na san wata tsohuwa da ta lura masu jinya na fitowa da asuba suna neman ruwan zafi da kunu, babu ko shago ɗaya a buɗe. Da fulas biyu ta fara. Wani yaro a unguwarmu ya ga kowace azumi mutane na tafiya nesa neman ƙanƙara, ya yi magana da mai firji a inda wuta ta fi zama, yana ɗaukowa a buhu da ɓuntu kafin la'asar.

Yaya kasuwa ke kira? Da bakin masu ƙorafi. Duk inda ka ji mutane suna maimaita "wai sai an je har cikin gari", ko "kullum sai an yi layi", ko "na wurin wane ba shi da kyau amma ba yadda za mu yi", to, ana kiran wani. Sai dai a tabbata masu ƙorafin za su iya biya, kuma hanyar tabbatarwa ita ce a gwada da kaɗan: mudu ɗaya, dozin ɗaya, kwana bakwai.

Ku koma kan Abdurrahman ɗan Aufu. Shi ma koro shi aka yi, amma bai tambayi me wane yake sayarwa ba, cewa ya yi a nuna masa kasuwa, ya shiga ya duba da idonsa. Wanda aka koro ma yana iya ba kansa mako guda na zagaye da saurare kafin ya kwance bakin zanensa ko ya sayar da akuyarsa. Idan abin da ya ji ya dace da abin da hannunsa ya iya, a nan ne maganar ɗaukar adashi, ko karɓar jarin wani a raba riba bisa ƙiradi, ko zuwa banki irin Jaiz da ba ya harka da ruwa, ko rajistar sunan sana'a a hukumar CAC, take da ma'ana. Waɗannan za mu ɗauke su ɗaya-ɗaya a darasi na gaba.

Kalmomin da za a kwafa a littafi

Jari ko uwar kuɗi: kuɗin da ake juyawa a sana'a.
Riba: abin da ya hau kan jari bayan an cire duk abin da aka kashe.
Sari: sayen kaya da yawa don a sayar kaɗan-kaɗan.
Kwantai: kayan da suka kwana ba a saya ba.
La'ada: ladan wanda ya sayar wa wani kayansa.
Ƙiradi: wani ya kawo kuɗi, wani ya yi aiki, su raba riba yadda suka amince tun farko.

Tambayoyi

1. Mai awara ta kashe 8,000, ta sayar 10,500. Idan 2,000 kawai take ɗauka na cefane, nawa jarinta zai zama bayan kwana 10?
2. Kawo abubuwa uku da dattijon mai kaji ya kamata ya sani kafin ya sayi 'yan tsaki.
3. Me Goggo take nufi da cewa, "da hannun wa zan shiga?"
4. Ku kasu uku-uku, ku tattauna hanyoyin da uwa za ta sayar da kayanta ba tare da 'yarta ta rasa makaranta ba.

Aikin gida

Rubuta jimla ɗaya da za ta fara da "Na kama sana'ata ne saboda", ko "Ina so in kama sana'a saboda". Ba za a karanta ta a gaban aji ba, don haka a rubuta ainihin dalilin. Bayan haka, daga yau zuwa zama na gaba, kasa kunne a majalisa, ko gidan biki, ko bakin famfo, ko cikin A Daidaita Sahu, ka rubuta ƙorafi uku da ka ji a kan wani abu da mutane ke nema ba sa samu a kusa. A gaban kowanne ka sa ranar da ka ji shi da wurin.